Abin da na kwasa daga rubutun digiri na biyu kan sufayen Buda da siyasa

To alhamdulillahi an yi difens, wato kare rubutun a gaban masu jarrabawa, an wuce wurin, yanzu bakina ya buɗe.

Sufabaizana tun ranar farko ya kafe cewa sufayen addinin Buda mutane ne da suka saki duniya, babu ruwansu da mulki, wai in tsaya kan zuhudu kawai. Hujjarsa guda ce, a Myanmar da Tailan doka ta hana su jefa ƙuri'a. Na ce Malam ai gwamnati ba ta hana mutum ƙuri'a sai ta san yana da jama'a, ya ce ni yaro ne. Na haƙura na je na rubuta babi guda a kan 2007, lokacin da sojojin Myanmar suka ƙara kuɗin mai, aka lakaɗa wa sufaye duka a garin Pakokku, su kuma suka kife ƙoƙon bararsu suka daina karɓar sadakar sojoji da iyalansu. A wurin mabiya Buda sadaka ga sufi ita ce babbar hanyar samun lada, kenan an toshe wa janar-janar ƙofar lada ba tare da an ɗaga ko sanda ba, daga nan dubbai suka cika titunan Yangon, birni mafi girma a ƙasar. Mutumin nan ya ɗauki jan biro ya gicciye babin tun daga shafin farko, ya rubuta a gefe wai wannan aikin 'yan jarida ne.

Abin da ya fi ƙona min rai, ni ba yabonsu na zo yi ba. Na kawo sufin nan Wirathu da ƙungiyar 969 da suka hura wutar ƙin Musulmi a Myanmar, na kawo Siri Lanka inda sufi ne ya harbe firaminista Bandaranaike a 1959, a 2004 kuma jam'iyyar sufaye ta JHU ta ci kujeru 9 a majalisa. Akwai masu ɗaura wa bishiyoyi mayafin sufaye a Tailan don kar a sare su, akwai kuma na cikin daji da da gaske ba sa son jin zancen mulki. Duk rigar iri ɗaya ce.

Ranar difens mai jarrabawar da aka gayyato daga waje tambayarsa ta farko ita ce ina zancen 2007? Malam ya duƙar da kai yana ta latsa waya. Na amsa da ka, daga babin da aka jefar.

Ga ƙannenmu masu tasowa, ku ajiye kwafin duk abin da aka soke muku a filashi, kar ku yi musu da sufabaiza a gaban ɗalibai, kuma ku tambayi waɗanda suka gama a hannunsa kafin ku cike fom. Ni dai babin na maido da shi cikin kwafin ƙarshe, kuma ya sa hannu bai ce uffan ba.