Takardar da ta yi shekara takwas a durowa

Duk ɗalibin lissafi ko na kwamfuta da ya taɓa rubuta memuwar, wato kundin kammala karatu, a jami'ar Ngaoundéré da ke Dang a Kamaru ya san azabar LaTeX, manhajar tsara rubutun kimiyya, ka manta alamar rufewa guda ɗaya shafi gaba ɗaya ya ƙi fita, ga sutunans, ranar kare kundin, ta matso ga kuran an ɗauke. Amma tambayi yaran nan waye ya ƙirƙiro abin sai kaga ana kallon-kallo. Sunansa Leslie Lamport, Ba'amurke ne, an haife shi a New York a 1941, kuma LaTeX ɗin nan da muke ta kuka da shi ba shi ne ma ainihin aikinsa ba, a gefe ya yi shi farkon shekarun 1980, ya ɗora a kan TeX na Donald Knuth don ya sauƙaƙa wa kansa rubutu.

Mutumin ko digirin kwamfuta bai yi ba fa. Lissafi ya karanta tun daga MIT inda ya gama a 1960 har dakta a jami'ar Brandeis a 1972. Kuma yawancin rayuwarsa a ɗakunan binciken kamfanoni ya yi ta, SRI daga 1977, sai DEC daga 1985, sai Microsoft daga 2001. Abin da ya sa a gaba shi ne tambayar da ta fi kama da ta yara amma tana da wuyar tsiya: in kwamfutoci da yawa suna aiki ɗaya tare, kowacce a garinta, saƙo yana makara, wata tana mutuwa ba sanarwa, ta yaya za su yarda a kan magana ɗaya?

Takardarsa ta 1978 a kan lokaci da agogo ita ce aka fi ambato. Mu nan ai mun san matsalar ko ba mu san sunanta ba. Kana gurup ɗin dangi a WhatsApp rezo yana wasa, sai kaga "Allah ya jiƙan shi" ya shigo wayarka kafin saƙon da ya faɗi wanda ya rasu, gabanka ya faɗi kana ta laluben waye. Amsa ta riga tambaya isowa. To kwamfutoci haka suke fama kullum, kuma ba za ka ce a duba agogo ba don agogon kowacce yana ɗan saɓa wa na 'yar uwarta. Lamport sai ya ce a bar batun ƙarfe nawa, kowace na'ura ta riƙe ƙidaya kawai, duk abin da ta yi ta ƙara ɗaya, in za ta aika saƙo ta liƙa lambarta a jiki, wadda ta karɓa ta duba tata da wadda ta zo ta ɗauki babbar ta ƙara ɗaya. Shi ke nan. Da wannan ɗan abin duk abin da ya jawo wani abu lambarsa za ta kasance ƙasa da ta abin da ya jawo. Shi da kansa ya ce ilimin Einstein a kan lokaci ne ya buɗe masa ido, wato wani lokacin babu ma ma'anar a ce wannan ya riga wancan in babu saƙon da ya haɗa su.

A 1982 shi da Robert Shostak da Marshall Pease suka fitar da labarin janar-janar na Bizantiyum, sojoji sun kewaye gari dole su yarda ko a kai hari ko a janye, amma a cikinsu akwai maciya amana masu gaya wa wannan fari su gaya wa wancan baƙi. Suka nuna cewa in da baki kawai ake isar da saƙo, mutum uku da munafuki ɗaya ba mafita, sai sun kai huɗu, wato dole masu gaskiya su wuce kashi biyu cikin uku. Aikin daga kwamfutocin tuƙa jirgin sama da SRI ke yi wa NASA ya samo asali, yau kuma masu kirifto ne suka fi kowa jan sunan. Da farko ma janar-janar na Albaniya ya so ya kira su, aka ce masa kar ya ɓata wa mutane rai.

Amma ni labarin Paxos ne ya fi tsaya min. A 1990 ya miƙa wa wata mujalla takarda a kan yadda na'urori za su cimma matsaya ko da wasu sun faɗi a hanya, sai ya rubuta ta kamar tatsuniyar wata majalisa a tsibirin Paxos na Girka, inda 'yan majalisa ke shiga da fita yadda suka ga dama don kowa na da kasuwancinsa, har yakan yi shigar mai tonon kayan tarihi in zai yi lacca a kai. Masu tantancewa suka ce abin ba laifi amma ba wani muhimmi ba ne, kuma a cire tatsuniyar. Ya ji haushi ya ajiye ta. Sai 1998 ta fito, shekara takwas. Mutane suka ci gaba da cewa ba sa ganewa, a 2001 ya sake rubuta ta a sauƙaƙe ba tatsuniya. Zuwa 2006 injiniyoyin Google sun bayyana cewa tsarinsu mai suna Chubby a kanta ya tsaya, kuma Chubby ɗin nan wasu manyan rumbunan bayanansu sun dogara da shi.

Ina yawan tuna wannan in naji malamai matasa a nan suna lissafin takardu nawa suka rage musu kafin ƙarin girma. Ban ga laifinsu ba wallahi, doka ce ta ce a ƙirga, ga iyali ga haya, asistan ba zai ce zai jira shekara takwas don wani mai tantancewa bai gane barkwancinsa ba. Lamport yana da albashin kamfani da sunan da ya riga ya yi, shi ya sa ya iya yin fushi. Sai dai ƙirgar nan ita ke tura wasu wajen mujallun da ka biya sefa su buga maka cikin sati biyu ba wanda ya karanta, kuma da ma'aunin ƙirga aka bi, a 1995 Paxos sifili ce.

Kyautar Turing ta 2013, babbar lambar yabo ta ilimin kwamfuta, shi aka ba. Ƙarshen aikinsa kuma ya karkata ne ga TLA+, wani yare na lissafi da ake rubuta yadda tsari zai yi aiki kafin a taɓa kod, don kullum faɗansa shi ne masu furogiram suna fara bugawa kafin su yi tunani. Injiniyoyin Amazon sun rubuta a 2015 cewa da shi suka kama wani kuskure a DynamoDB, rumbun bayanansu, wanda sai an bi matakai 35 a jere kafin ya bayyana, kuma zai iya ɓatar da bayanan mutane, gwajin da suka saba yi duk bai gan shi ba.

Takardunsa suna shafinsa na intanet kyauta, da ɗan bayanin yadda ya rubuta su, wasu har da labarin yadda aka ƙi su. Mai son farawa ya nemi ta 1974 wadda ake kira dabarar gidan burodi, inda kowa ke ɗaukar lamba ya jira layinsa, shafi uku ce kacal. Turancin ne dai zai ɗan wahalar da mu 'yan makarantar Faransanci, amma akwai alamomin lissafi a cikinta.