Asabar, maganar Auta

Yau da farin ciki na tashi wallahi. Sanyi ya ɗan sassauta, Maman Ummi ta aika aka siyo masa mai zafi ga miya ga yaji, Ummi kuma ta hana kowa sakat da sabuwar haddarta, sai da na zauna na saurara sannan ta bar ni na fita. Shago ma ba laifi, kafin azahar caja da gilashin waya sun fita sosai, har mutumin nan da nake bi tun kafin sallah ya biyo ta Wunti ya ajiye min rabi.

Sai ga Auta.

Daga sallamarsa na san ba lafiya. Kayan jiya ne a jikinsa, ido ya yi ja, leɓe a bushe. Ya zauna kan benci yana ta jujjuya waya a hannu. Na ce Auta lafiya? Ya ce lafiya lau Yaya. Na ce ka karya? Shiru. Sai da shago ya yi sauƙin mutane sannan ya matso, murya can ƙasa, ya ce Yaya dan Allah ka ranta min dubu 50 zuwa gobe da safe.

Gabana ya faɗi, don kun san maganar keken ɗinkin nan. Adashinsa da ya ɗauka da kuɗin tumakin da Inna ta sayar, aka haɗa dubu 380, jibi Litinin za a biya keke a kama masa ɗan shago tunda maigidansa ya yaye shi. Na ce ina kuɗin keke? Ya sunkuyar da kai. Na sake tambaya. Ya ce an cinye.

Karta. Ba irin wadda yara ke bugawa a majalisa ana ihu ba, wannan wai foka, ta Amurka, a wani ɗaki can wajen Yelwa suke haɗuwa da dare, ta WhatsApp ake kiran juna. Ashe ya daɗe yana kallonta a YouTube, ya daɗe kuma yana zuwa da ƙananan kuɗi, wata rana ya ci wata rana a ci shi, mu muna nan muna cewa dare yake yi a wurin ɗinki.

Abin da ya tsaya min a rai har yanzu da nake rubutun nan ba kuɗin ba ne, duk da kuɗin ma sun isa su hana mutum barci. Yadda ya ba ni labarin ne. Yaron da ya shigo ko kai ba ya iya ɗagawa, da ya fara bayanin wasan sai na ga idonsa ya buɗe, ya jawo kwalayen caja yana jera min a kan kanta. Wai kowa ana ba shi karta biyu a rufe, sai a buɗe biyar a tsakiya, uku tukuna, sannan ɗaya, sannan ɗaya, kowane mataki ana zuba kuɗi. Shi A biyu ya samu, kuma babu abin da ya fi wannan a farkon rabo. Ya tura dubu 150 gaba ɗaya, wani ya bi shi da 9 biyu. Aka buɗe uku ba komai, ta huɗu ba komai, ta ƙarshe sai ga 9, na wancan suka zama uku, suka doke A biyunsa. Ya ce Yaya wallahi ni ne da gaskiya, a lissafi idan aka buga wannan hannun sau 100 kusan sau 80 ni zan ci, ban yi kuskure ba, rashin sa'a ne kawai. Ya maimaita min rashin sa'ar nan har na gaji da ji.

Na ce toh na ji. Sau 80 naka, sauran 20 ɗin na wa? Kuma da ka san akwai su, me ya kai kuɗin tumakin Inna wurin? Bai amsa ba. Sai na yi lissafi a raina na ce tsaya, 150 ka ce, ina sauran 230?

Nan ne bakin ya mutu. Da ƙyar na ringa zaƙulo maganar kamar mai cire ƙaya. Ashe bayan wancan hannun bai tashi ba. Ya ce kansa ne ya ɗau zafi, ji yake an zalunce shi, dole sai ya dawo da kuɗinsa a daren. Ya fita ya nemi mai POS ya ciro sauran. Daga nan duk kartar da aka ba shi shiga yake, mai kyau da marar kyau, yana ƙara zubi don ya rama da wuri, su kuma waɗanda suka fi shi daɗewa a harkar sun gane ya fita hayyacinsa, suka zauna suna tsintarsa kaɗan-kaɗan har aka kira assalatu. Mai ɗakin kuwa ko wa ya ci sai ya cire kasonsa a kowane zagaye, shi ba ruwansa da A ko 9. Har bashin dubu 40 Auta ya ciyo a wurin wani daga cikinsu.

Kun ga mafi yawan kuɗin ba wancan hannun ne ya tafi da su ba, amma shi kaɗai yake iya ba da labarinsa, don a cikinsa ne yake da gaskiya. Sa'o'in da suka biyo baya ko a bakinsa ba ya so su fito. Kuma dubu 50 ɗin da ya zo nema ba don ya biya bashi ba ne. Komawa zai yi yau da dare.

Har misalin wani Ba'amurke Auta ya kawo min, Chris Moneymaker, akanta ne da ya samu shiga gasar duniya ta Las Begas ta intanet da ɗan kuɗi kaɗan, ya ci dala miliyan 2.5 a 2003. Na duba a wayata, gaskiya ne an yi haka. Amma mutum 839 suka zauna a gasar nan, yawancinsu hannu rabbana suka koma gida, ba wanda yake yawo da sunansu.

Raina ya ɓaci matuƙa, hannuna har rawa yake. Na so in ɗaga murya, sai ya faɗi wata magana da ta kashe min jiki, ya ce Yaya da in kalli idon Inna gara a ce ba na duniyar. Ban ɗauki wannan a matsayin maganar baki ba. Na rufe shago tun kafin la'asar na ce tashi mu je gida.

Ban ba shi ko sisi ba, kuma na faɗa masa gaba da gaba ba zan bayar ba, ko yau ko gobe. Na ce kuɗin nan sun tafi Auta, ka faɗa da bakinka. Ya ƙi. Na ce faɗa. Sai da ya faɗa sannan kuka ya zo masa, a bakin titi, muna jiran keke napep, ƙato da shi. Na bar shi ya yi abinsa ban ce masa komai ba.

Bayan la'asar na tsaya wurin Malam na yi tambaya ban kama suna ba. Ya karanto min aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida, inda aka haɗa caca da giya, aka ce Shaiɗan so yake ya jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane ta hanyarsu, ya kuma hana su ambaton Allah da sallah. Ya kawo hadisin da ke Bukhari da Muslim, cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca to ya yi sadaka. Faɗa kawai, ba a ma buga ba. Abin da ya ƙara min shi na riƙe, ya ce ko wanene kar ku tozarta shi a gaban jama'a, kar ku kore shi, kar kuma ku sa masa kuɗi a hannu yanzu.

Maman Ummi ta zuba masa tuwo, ya ci loma kaɗan ya ture. Da kansa ya miƙo min katin ATM ɗinsa, ya fita daga guruf ɗin ina kallo, duk da na san lambobinsu suna kansa. Tun magariba wayar ke ƙara, mai dubu 40 ne. Na karɓa na ce ni yayansa ne, ya daina kiran yaron, ni zai nema. Ko ya halatta a biya irin wannan bashin ma sai na koma wurin Malam.

A ɗakin zaure ya kwanta, na sa Babangida ya kwana tare da shi. Ɗazu na leƙa, idonsa biyu.

Ni da Maman Ummi mun sha bamban a kan Inna. Ita ta ce a rufa, hawan jininta ba zai ɗauka ba, mu lallaɓa mu haɗa kuɗin keke ko na hannu ne a siya a hankali. Ni kuma ina ganin idan muka toshe ramin nan shiru, mun koya masa cewa duk abin da ya zubar akwai mai kwashewa, kuma tumakin nata ne, ita ta yi kiwonsu, tana da haƙƙin ta sani. Amma da na tuna maganar da ya yi a shago sai gwiwata ta yi sanyi. Har yanzu ban yanke ba wallahi.

Gobe zan fara zuwa wurin Kawu kafin kowa ya ji. Mai keken ɗinki kuma yana jiranmu Litinin da safe, dole in je in ba shi haƙuri kar ya ci gaba da ajiye mana. Na ce wa Auta tare za mu je, shi zai yi maganar da bakinsa. Ya ce toh. Ku sa mu a addu'a dan Allah.