Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Surukar da Doka Ba Ta Sani Ba

Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin kula da tsofaffi a birnin Bradford na Ingila. Tsohuwar da aka fara ba ni Baturiya ce, ƙafa ta gaza amma baki da kaifi. Duk Lahadi wata mata takan zo ta wanke mata gashi, ta yanke mata farce, su sha shayi. Na ce, "Mama, 'yarki ce?" Ta ce a'a, ita ce "daughter-out-law" ɗinta.

Turawa na kiran suruki "in-law", wanda doka ta shigo da shi dangi. Da zama ba aure ya yawaita sai suka juya kalmar, suka ce "out-law". Wasu kuma sukan ce "partner ɗin ɗana" kawai, wato abokiyar zamansa. Ba ƙaramin al'amari ba ne a can: a 2021, fiye da rabin jariran da aka haifa a Ingila da Wales iyayensu ba su da aure.

Ni dai tarbiyyata ba ta karɓi wannan zama ba, har gobe. Amma da ɗan tsohuwar ya rasu farat ɗaya, babu wasiyya, babu haihuwa, abin da na gani ya tsaya mini a rai. Matar ta ɗauka dadewar zama ta mai da ita matar aure a idon doka, kamar yadda da yawa suke zato. Ashe babu wannan a Ingila. Gidan da sunansa yake, gado kuwa ya faɗa hannun uwarsa. Ita sai dai ta je kotu ta nemi a tsaga mata wani abu, ƙarƙashin dokar gado ta 1975, tunda sun haura shekara biyu tare.

A daren nan ban runtsa ba, domin ni ma a falon gidan kawun mijina aka ɗaura mana aure, da waliyyi da shaidu da sadaki, amma ba mu je rajista ba. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa irin wannan ɗaurin shi kaɗai, in a Ingila aka yi shi, ba aure ba ne a dokarsu. Wato a wurin hukuma ni da matar nan sahunmu ɗaya.

Da asuba na tashi mijina. "Baban Amira, akwai magana."

Amsar da ya ba ni, da abin da tsohuwa ta yi da gidan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.