Gwiwar wandon jin: abin da na gano a kan keken ɗinki

Yawancin wandunan jin da ake kawo mini gyara a nan Maradi, daga na ƴan kabu-kabu har na ƴan makaranta, a gwiwa suke fara mutuwa. Wurin ya kumbura kamar an cusa ƙwarya, ya yi fari, daga baya ya fashe.

Na warware wani tsohon yadi don in ga dalili. Zaren tsaye ne kaɗai aka rina da baba, na kwance fari ne. Rinin ma bai ratsa zaren ba, a bayansa ya tsaya, cikin kuwa fari fat. Duk durƙuso a kan tabarma ko siminti yana kankare wannan shuɗin, ƙurar garin nan kuma da ta maƙale a saƙa tana cin zaren kamar yashi.

Kumburin kuwa halin auduga ne. In an lanƙwasa ƙafa, yadin yana miƙewa, kuma auduga ba ta komawa da kanta, balle ta sha gumi. Wanki ne ke maido ta. Masu roba, wato mai kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na elastan, sun fi daɗin sawa, amma zafin dutsen guga da ruwan jabel, wato bilicin wanki, suna kashe robar, kuma in ta mutu babu gyara.

Ga wanda bai fashe ba, ina juya shi ciki waje, in wanke da ruwan sanyi, in shanya a inuwa. Da sauran danshi nake guga, ta ciki, da ƙyalle a kai, ina danna dutsen ba tare da ja ba.

Faci ne ya fi ba ni wahala. Da farko sabon yadi mai kauri nake sawa, sai wandon ya dawo a yage daidai bakin facin, domin tsohon zare ba ya jure ƙarfin sabo. Yanzu daga tsohon jin mai laushi nake yankowa, ya zarce wurin da ya sale da santimita 3 ta kowane gefe, zaren tsayensa ya bi na wandon. Ina farke ɗinkin gefen ƙafa don keke ya shiga, in sa allura lamba 16, in bi da layuka kusa da kusa daga sama zuwa ƙasa. Zaren ɗinkin ya zama shuɗi mai haske, mai duhu yana tona facin tun daga nesa.