Kunyar Tambaya Ta Ci Mini Shekara Biyu

Ina aji na biyu a lise ƙanen babanmu ya kamu da taɓin hankali. Wata takwas ya yi a ɗakin zaure, a gidanmu na Garin Malam, da mari a ƙafa, ana ba shi rubutu ana yi masa hayaƙi. Wani maƙwabci ne ya matsa sai a gwada asibiti. Bai yi wata biyu yana shan magani ba, wata asuba ya kira ni da sunana, ya ce in kawo masa ruwan alwala. Tun ranar na san aikin da nake so: kula da masu taɓin hankali. Hanyar da ɗan mai ƙosai zai bi ya kai ga wannan aiki ce ban sani ba, kuma ban tambayi kowa ba. Ƙannena masu shirin bak, wato jarrabawar gama lise, da waɗanda suka samu suna zaune a fada suna jiran ikon Allah, ku nake wa wannan magana.

Na ɗauka ƙofa ɗaya ce, wato ka zama likita. Akwai ta kam: ka yi likitanci a Jami'ar André Salifou nan Damagaram ko Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, sannan ka ƙara shekara 4 ta ƙwarewa a kan cututtukan ƙwaƙwalwa. Da yawa daga ƙasashenmu Dakar suke zuwa, asibitin Fann, inda wani likitan ƙwaƙwalwa Bafaranshe, Henri Collomb, ya fara aiki a 1959, yana shigar da dangin mara lafiya cikin jinya, yana kuma sauraron masu maganin gargajiya. Amma wannan hanya doguwa ce ga wanda gida ke jiran hannunsa. Akwai ilimin halayyar ɗan Adam a jami'ar Yamai. Akwai kuma aikin jinya, wanda ake koya a ENSP, makarantar ma'aikatan lafiya ta nan garinmu, daga baya mutum ya ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa. Wannan hanya ta jinya na bi a ƙarshe, kuma da na san da ita tun farko da ban zauna ba.

Shekarar farko bayan bak takarda ce ta kayar da ni. Na haɗa dosiyen neman buris, wato tallafin karatu, ana saura kwana huɗu a rufe karɓa. Mai karɓar ya jera takardun a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan sunan mahaifina a takardar haihuwa, ya ɗora wani yatsan a kan takardar bak. Harafi ɗaya ne ya bambanta. Gyaransa sai an je kotu, kotu kuma ba a kwana huɗu take aiki ba. Laifina ne, don takardar ta yi shekara goma sha tara a cikin akwatin Inna ban taɓa buɗe ta na karanta ba. Ku fito da naku yau ɗin nan. Takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar maki, ku karanta harafi bayan harafi, har ranar haihuwa. Wanda ba a yi masa takarda lokacin da aka haife shi ba, ya je kotu da shaidu tun yana ajin ƙarshe. Ku yi kwafi da yawa, a buga musu hatimi, ku adana a leda saboda gara da damina. Hukumar ANAB ce ke kula da buris da tallafin ɗalibai a Nijar, kuma makin bak da shekarun mutum suna da nauyi wajen zaɓe, don haka kowace shekara da ka zauna tana rage maka dama. Akwai kuma gurabun karatu da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bayarwa, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda. Kowanne da lokacinsa, kuma ba mai biyo ka gida ya sanar da kai.

Shekara ta biyu zafin ta farko ya sa na yi gaggawa. Wani mutum da na sani ta WhatsApp ya ce yana da hanyar gurbi a waje, in kawo jikka 75 na buɗe dosiye. Inna ta kwashe adashinta ta ba ni. Bayan sati biyu lambar ta daina shiga. Duk wanda ya ce ka biya shi don ya samo maka buris, ka juya ka tafi.

Babban kuskurena kuwa bai shafi kuɗi ba. Da na samu shiga makarantar jinya, aka tura mu koyon aiki a asibiti, sai na tarar da wani dattijo, manjo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashen masu taɓin hankali, wanda ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Duk abin da nake nema yana cikin kansa. Amma na yi wata da watanni ban wuce gaisuwa ba. A raina, talaka in ya matso kusa da babba, roƙo za a ce ya zo yi. Ina kallon takalmina, ina kallon abokan karatuna masu zuwa a kan babur, sai in tsaya bakin ƙofa.

Wata rana aka kawo wata mai jego daga wani ƙauye na wajen Mirriya. Kwana goma sha biyu da haihuwa, ta ƙi jinjirin, tana ta surutu, idanunta jawur. Mijin ya riƙe ta gam. Manjo bai tashi neman allura ba. Ya ce a saki hannunta, ya jawo tabarma ya zauna ƙasa, ya juya wajen surukarta ya ce, "Iya, rabonta da barci tun yaushe?" Ya tambayi zazzaɓi, ya tambayi jinin da ta zubar, ya tambayi ko an taɓa yin irin haka a danginsu. Da tsohuwar ta ce sun kai ta wurin malam an ce iska ce, bai yi musu ba ko kaɗan. Cewa ya yi su ci gaba da addu'a, su haɗa da maganin da zai ba su, kada kuma a bar ta ita kaɗai da yaron har sai ya sake ganinta. Ban taɓa karanta wannan a littafi ba. Da ya ƙaryata malamin, da ba su dawo ba.

Da suka fita ya dube ni ya ce, "Yaro, kullum kana bakin ƙofa. Me kake nema?"

Na ce, "Baba, aikinku nake so in koya, ban san ta inda zan bi ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da bara ka faɗa mini, da yanzu kana Yamai."

Ashe shi ake fara tambaya idan ana neman matasan da za a tura ƙarin karatu. Shi ya rubuta mini takardar shaida, ya gyara mini wasiƙar neman gurbi har sau uku da jan biro, ya ce in cire manyan kalmomi in rubuta labarin kawuna yadda ya faru. Ban taɓa roƙonsa ko dala ba, kuma abin da ya ba ni ya fi ƙarfin kuɗi. In kun sami irinsa, ku je da tambaya a kan mara lafiyar da kuka gani tare. In ya ba ku shawara ku gwada, ku dawo ku gaya masa yadda ta kasance. Takardar shaida kuma a nema tun da sauran makonni, kada a zo ana gobe za a rufe. 'Yan mata, ku ma akwai mata a wannan aiki, ku neme su, don akwai abin da mai jego ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

Kada ku ji tsoron rashin aiki. Ku dubi abin da tramol ke yi wa samarinmu, ku dubi mutanen Diffa da rikici ya raba da gidajensu tun 2015, ku dubi yara masu farfaɗiya da ake cirewa daga makaranta don ana zaton ana ɗauka. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP don ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin ƙauye ya iya gane waɗannan cututtuka ya fara magani, saboda ƙwararrun ba su isa ba. Aikin yana da nauyi a zuciya, ba zan ɓoye muku ba. Akwai daren da za ka koma gida da muryar wani a kunnenka, kuma a irin wannan daren ma manjon na nema.

Abu ɗaya ya rage da har yanzu yake mini ciwo. Shekara uku ina ce wa Inna aikin jinya kawai nake karanta. Na ji yadda ake cewa "likitan mahaukata", na ji masu cewa wanda ya daɗe da su shi ma sai ya taɓu, sai na ji tsoron kada a yi mata gori a wajen suyarta. Sai da gurbin ya fito, ba makawa, na zauna gabanta bayan isha'i na faɗa mata. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ni ka ɓoye wa? Wa ya riƙa wanke wa kawunka ƙafa inda marin ya ci?"

Washegari ta je wajen uwar adashi ta roƙa a ba ta kwasar watan, ta ƙulla kuɗin motar Yamai a bakin zanenta, ta raka ni har tasha.