Mai maus ko mai baƙin allo: yadda muke zaɓa wa mutane manhajar imel a kan Linux

Sana'armu a wannan shago ita ce tayar da tsofaffin kwamfutoci. Tun da Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 ta ƙi hawa kan injin da ba shi da ɗan guntun tsaron nan mai suna TPM 2.0, laftof masu ƙoshin lafiya suka fara taruwa a kan teburanmu nan Kano. Mukan cire tsohon faifan ajiya mu sa SSD, sabon nau'in ma'ajiya mai sauri, mu ƙara RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin injin, in da wuri, mu ɗora Linux Mint ko Debian, nau'o'in Linux, babbar manhajar da ke maye gurbin Windows. Wannan ɓangaren ko yaron da ya shigo koyo bana zai iya. Inda ake bambanta gwani da ɗan koyo shi ne wajen imel, domin a nan takardun kwangilar mutum suke, da rasit ɗinsa, da duk maganar da ya yi da abokan hulɗa shekara da shekaru.

Manhajojin imel a Linux gida biyu ne. Akwai masu taga da maɓallai da ake dannawa da maus, irin su Thunderbird da Evolution da KMail da Geary da Claws Mail. Akwai kuma waɗanda ke zaune a cikin baƙin allo, rubutu zalla, komai da madannai ake yi, irin su Mutt da NeoMutt da Alpine da aerc. Ni kaina a gida na biyu nake kwana, amma mafi yawan masu zuwa wurina gida na farko nake kai su, kuma ba na jin wani abu a raina game da hakan.

Ba na taɓa kwamfutar mutum sai na zaunar da shi mun yi hira. Alhaji, wasiƙun da ke shigo maka, na rubutu ne ko masu hoto da tebur? Akwati nawa gare ka? Ofishinku na aiko da gayyatar taro ta kalanda? Kai kaɗai ke amfani da injin ko har da sakatare? Daga amsoshin nan nake sanin inda za mu dosa. Lauya da ke karɓar takardun PDF kullum, da mai makaranta, da ɗan kwangila, duk Thunderbird nake ba su. Tsohuwar hannu ce, fitowarta ta farko cikakkiya tun Disamba 2004, daga gidan Mozilla masu Firefox, kuma ita Linux Mint ke zuwa da ita. Tana da kalanda, tana da littafin adireshi, daga siga ta 78 a 2020 ma an gina mata OpenPGP a ciki don mai son rufe saƙo. Wanda ma'aikatarsu ke kan sabar Exchange ta Microsoft (saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe wasiƙu a intanet), Evolution nakan sa masa da ƙarin nan nata na EWS mai haɗa ta da Exchange, saboda wasiƙa da kalanda da sunayen abokan aiki su zo tare. In kuwa injin ya tsufa ƙwarai, RAM gigabait 2 ko 4, sai Claws Mail, wadda ta samo asali daga Sylpheed ta ƙasar Japan. Ba ta da kwalliya, ba ta rubuta wasiƙa mai launi da ado, amma tana buɗewa kafin ka gyara zama. KMail ba na cika ba kowa sai wanda ya riga ya saba da KDE, wani salon fuskar Linux, domin Akonadi, ma'ajiyar bayanan da ke ƙarƙashinta, in ta rikice gyaranta na cin yini.

A nan ne cinikin ke fara ɓaci. Sai mutum ya ce, “Malam, ba an ce Linux ɗin nan kyauta ce ba? To kuɗin me za ka karɓa?” Kyauta ce, ranka ya daɗe, ga intanet nan, a sauke. Abin da nake sayarwa shi ne wasiƙunka su kwana lafiya. Sai ya tashi ya tafi layin baya wurin yaran da ke yi a rabin kuɗi, bayan wata biyu ya dawo yana salati.

Wata Hajiya mai makarantar firamare ta zo min da irin wannan. Yaron da ya haɗa mata Thunderbird ya zaɓi POP maimakon IMAP, bai ko duba saitin ba. Bambancinsu ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. IMAP na barin wasiƙu a kan saba, kwamfuta da waya duk abu ɗaya suke gani. POP kuwa saukewa yake yi, kuma a Thunderbird saitin da yake zuwa da shi shi ne a share daga saba bayan kwana 14. Wato wasiƙun Hajiya duk sun tattaru a wata folda ɓoyayya mai suna .thunderbird a cikin injin. Da kwamfutar ta fara nauyi ta mayar masa, ya goge komai ya sake ɗora Linux, bai san akwai foldar ba balle ya kwafe ta. Na ce, “Hajiya, sai haƙuri, abin da zan iya cetowa zan ceto.” Mun samo kaɗan daga faifan, sauran sun tafi. Araha ba ta ado. Mu a nan, kafin mu goge ko da harafi ɗaya sai mun kwafe wannan folda waje biyu, mun buɗe ta a wani injin mun ga wasiƙun da idonmu.

Baƙin allo kuwa wurin maigidana na gaje shi, a gidan intanet ɗin da na yi koyo zamanin da ake sayen lokaci awa-awa, layi kuma ta tauraron ɗan'adam yake zuwa. Kwastomomi na zaune suna jiran shafin Yahoo ya gama buɗewa, shi kuwa Oga yana can lungu da wata tsohuwar kwamfuta, ya karanta wasiƙa ya ba da amsa ya tashi ya sha shayi. Pine yake amfani da ita, manhajar Jami'ar Washington ta Amurka. Mutum ne mai tsauri, ba ya nuna maka abu sau biyu. Ranar da ya fara zaunar da ni gabanta, sai ya zare wayar maus ɗin ya sa a aljihu, ya ce, “Yaro, karanta layi biyun nan na ƙasa, duk abin da kake nema suna wurin.” Gaskiyarsa. Har yau Alpine, wadda ta gaje ta a 2007, tana jera umarninta a ƙasan allo, shi ya sa duk mai son shiga wannan gida ta nan nake fara shigar da shi. Ko nano, manhajar rubutun da yara ke gyara fayil da ita yanzu, kwaikwayon Pico ce, editan da ya zo tare da Pine.

Daga baya na koma Mutt, wadda Michael Elkins ya fara a 1995, sannan NeoMutt da ta ɓalle daga jikinta ta tattaro gyare-gyaren da mutane suka daɗe suna yi. Koyonta kamar keken ɗinki na ƙafa ne: da farko ƙafa na gabas hannu na yamma, in suka daidaita kuma ba ka ƙara tuna su. Ga misali. Akwati ya cika da tallar wani kamfani, ɗaruruwa. Ka danna T, ka rubuta ~f da sunan mai aikowar, duk su sami alama, ka danna maɓallin “;” sannan d na sharewa, an gama. Mai maus yana nan yana gungura allo.

Amma NeoMutt ita kaɗai ba ta cika aiki yadda nake so, haɗin da nake yi mata shi ne abin alfaharina. Ina sa mbsync ta sauko da wasiƙu daga saba ta ajiye su a tsarin Maildir, inda kowace wasiƙa fayil ɗinta daban. Wannan ya fi min tsohon tsarin mbox da ke cusa folda guda cikin fayil ɗaya, wanda in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu kuma batirin ya mutu, ana iya samun ɓarna mai yawa. Sai notmuch, wadda ke lissafe kowace kalma a wasiƙun, ka nemi takardar da aka aiko maka shekara bakwai baya ta fito nan take. Sai msmtp mai aikawa, da ɗan rubutun jerin gwano da ke riƙe saƙo har layi ya dawo. Wani malamin jami'a da ke yawan zuwa ƙauyuka bincike na yi wa wannan haɗi. Yakan kunna data a inda sabis ya kama, ya sauke komai, ya kashe, ya zauna ya amsa a natse, in ya sake samun sabis su tafi. Thunderbird ma tana iya aiki ba layi, ban hana mata ba, sai dai a tsohon injinsa wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ba na ɓoye wa kowa aibin baƙin allo. Yawancin wasiƙun yau da HTML ake tsara su, wato kamar shafin intanet, saƙon banki, tikitin jirgi, takardar biyan kuɗi. Sai an haɗa da w3m ko lynx, masu mayar da shafin intanet rubutu zalla, ta fayil ɗin saiti mai suna mailcap kafin su karantu, wani lokacin ma teburin ya wargaje. Gayyatar taro ta kalanda kuwa wahala ce zalla. Amfanin baƙin allo kuwa shi ne ba ya sauke hoton leƙen asirin da 'yan talla ke ɓoyewa don su san ka buɗe, kuma adireshin da ke bayan “danna nan” yakan fito tsirara, ka ga ba na bankinka ba ne. Ita ma Thunderbird tana toshe hotunan waje sai ka ba da izini, matuƙar ba a je an kashe mata wannan kariyar ba, kamar yadda yaran layin baya ke yi wai don wasiƙa ta yi kyau.

Abin da ya fi ba masu baƙin allo ciwon kai a 'yan shekarun nan shi ne shiga akwatin kansa. Daga 30 ga Mayu 2022 Google ta daina karɓar kalmar sirri tsurarta daga irin waɗannan manhajoji, Microsoft ma ta bi sahu a akwatunan Outlook da Hotmail ranar 16 ga Satumba 2024. Yanzu OAuth2 ake yi, wato ka shiga a shafin kamfanin, shi ya ba manhajar makullin izini maimakon kalmar sirrinka. Thunderbird da Evolution sai su buɗe maka 'yar taga ka shiga ka amince, shi ke nan. A Gmail akwai sauƙi ga mai Mutt: ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka ciro kalmar sirri ta manhaja mai harafi 16. A Outlook babu wannan hanya, sai an bi ta wata 'yar manhaja mai suna mutt_oauth2.py, a ɓoye makullin da GPG, manhajar rufe bayanai, a gwada a sake gwadawa. In na faɗi kuɗin wannan aiki mutum ya ce a rage, nakan juya masa allon in ce bismillah.

Akwai kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Linux na da tsarin madannai na Hausa a ƙarƙashin Najeriya, mukan kunna wa duk mai rubutu da harshen. A Thunderbird ba a samun matsala. A baƙin allo dole a tabbatar injin na kan UTF-8, tsarin haruffan da ya san ƙugiya, kuma salon rubutun yana ɗauke da haruffan, in ba haka ba marubuci ya aika “ƙasa” ta isa da alamar tambaya a gaba. Ba injin da ke fita daga shagon nan sai na aika wa kaina saƙon gwaji da haruffan huɗu, na buɗe a waya na gani.

Wanda zai kawo aiki ya taho da cajarsa, da wayar da lambar tabbatarwa ke shiga, kuma ya tuno kalmar sirrinsa tun daga gida, don ni ba ni da hanyar ciro ta daga Google. Mai son koyon baƙin allo ya zo ranar Asabar da hantsi, lokacin shago bai cika ba, kuma ya sani maus ɗinsa a aljihuna zai wuni.