Lita 105 ta koya mini hankali a Dahab

Hutun ƙarshen zango biyu na yi ina aiki a wani shagon hayar kayan sululu a kan ruwa a Dahab, can gaɓar Sina'i a Masar, wato wasan da ake tsayawa a kan allo mai filafili iska na tura shi. Aikina wanke filafilai da ɗaukar alluna zuwa bakin ruwa. Ladan da ya fi kuɗin daɗi shi ne in baƙi sun ragu, a bar ni in hau.

Na fara da allon 'yan koyo mai lita 200 (da lita ake auna girman jikin allo), faɗinsa kamar ƙyauren ɗaki. Da na iya juyawa, na fara rataya jikina a filafili da maɗaurin ƙugu, sai kaina ya kumbura. Na tsallake duk na tsakiya na ɗauko mai lita 105, don shi na ga gwanaye na hawa. Maigidana ya dube ni ya ce, "Malam, ka iya tashi daga cikin ruwa?" Na ce zan iya. Bai ƙara magana ba.

Lissafin ba shi da wuya, ni ne na ƙi yin sa. Lita ɗaya ta allo tana ɗaukar kusan kilo ɗaya. Nauyina kilo 80, filafili da sandunansa sun kusa kilo 10, shi kansa allon yana da nasa nauyin. Me ya rage daga 105? Kusan babu. Gwani bai damu ba, domin in ya faɗi, iska yake sa wa ta ɗauko shi daga ruwa ta ɗora a kan allo. Ni kuwa sai na tsaya a kai na ja igiya na ɗaga filafili, kuma duk tsayuwar da na yi allon nutsewa yake har idon sawu. Iskar Dahab da safe take da ƙarfi, tana raguwa bayan azahar. Ta bar ni a tsakiyar ruwa ina kallon duwatsun Saudiyya a ƙetare, sai da kwalekwale ya zo ya jawo ni.

Washegari na karɓi mai lita 135, wato nauyina da ƙarin 55. A kansa na fara jin allo ya taso yana gudu a saman ruwa.

Sai batun filafili, inda na yi kuskure ta ɗaya ɓangaren: na ɗauka babba shi ne gudu. Ashe in saurin iska ya ninka biyu, ƙarfin da take bugun filafili ninki huɗu yake yi. A nauyina, iskar kilomita 28 a awa tana son filafili mai murabba'in mita 7, in ta kai 45 kuwa, 4.7 ya ishe ni. Na taɓa fita da 6.5 a irin wannan iska, ta cilla ni ta gaba, na fasa hancin allon, aka cire a albashina. Kuma kowane allo da iyakar filafilin da yake ɗauka. Ka ɗora ƙarami sosai a kan ƙaton allo cikin iska mai ƙarfi, tsalle zai riƙa yi kamar ɗan akuya.

A hutu na biyu ni ke miƙa wa baƙi kaya. In mutum ya nuna ƙaramin allo, tambayar maigidana nake masa. Yawanci su ma cewa suke za su iya.